Uwar Biyu a Ɗakin Inji

Uwar Biyu ba ta taɓa tsoma ko ƙafarta a tafkin ninkayar otal ɗin ba, kuma ba ta da niyya. Ita a ganinta, babban mutum da gemunsa ya tuɓe daga shi sai ɗan kamfai, ya faɗa ruwan da wani ƙato ya gama jiƙa hammata a ciki, wannan rashin aikin yi ne kawai.

Gajeriya ce mai kauri, damatsanta kamar na ɗan dako. Ubanta mai facin taya ne a bakin titi, a cikin warin gam da ƙonanniyar roba ta tashi. Tun ba ta kai tsawon teburinsa ba ita ke danna tif a bahon ruwa tana neman inda kumfa ke fitowa. Makaranta kuwa ta ɗan taɓa, ta ce ya isa haka, babu wanda ya yi mata musu. Ta yi aure, haihuwar fari ta zubo maza biyu, suna ya bi ta. Yanzu sun girma sun watse. Ɗaya na tuƙa babbar mota, ɗayan yana wani gari wai yana neman hanya, kuma tun da ya fara gemu yake nemanta.

Mijinta shi ake ce wa Injiniya. Ba injiniyan komai ba ne, mai gyaran famfo ne da aka taɓa kira ya buɗe masai ɗaya da ya toshe, daga nan ya maƙale a otal ɗin har furfura ta fito masa. Dogo ne siriri, mai son a ce ya iya. Duk abin da ruwa ke bi a gidan nan nasa ne, amma tafkin nan shi ne ɗan lelensa.

Aikin da ɗaki ya zo. Ciki da falo ne a can baya, tsakanin wajen wanki da janareta, kuma ƙa'idar a fili take: ɗaki na mai aiki ne. Ranar da aiki ya ƙare, ranar ake kwashe kaya. Da idonsu suka ga tsohon kuku da katifarsa a bakin get, matarsa na rungume da tukwane. Uwar Biyu ba ta da gidan uba da za ta koma, rumfar facin ma an daɗe da rushe ta aka faɗaɗa titi.

To wata safiya Injiniya na shan shayi sai kofi ya suɓuce masa, baki ya karkace. Hawan jini ne. Aka kwana biyu a asibiti, baki ya dawo daidai, ƙafa ta dawo, hannun dama ya ce shi kam ya yi ritaya. Yana ɗaguwa, amma yatsun ko cokali ba sa riƙewa. A otal aka ce taifot ne ya kwantar da shi. Da ya koma aiki sai ya cusa hannun a aljihun rigar aikinsa ya bar shi can. In an miƙo masa hannu sai ya ce, "Yi haƙuri, duk giris ne," ya ba da gwiwar hannu. Masu shara suka fara cewa Injiniya ya koyi yanga da tsufansa.

Ya ɗan jima yana fama shi kaɗai da hagu kafin girman kai ya sake shi. Wata rana ta kai masa abinci ɗakin inji, ta same shi ya haɗa gumi kan wani mariƙi, sai ya ce ba tare da ya kalle ta ba, "Ke, ajiye kular nan ki zo ki danna min abin nan."

Daga ranar ta zama ma'aikaciyar da babu wanda ya san da ita.

Ɗakin injin ɗan ƙuƙut ne, a ƙarƙashin matakalar da ke hawa wajen tafki. Ƙofa ɗaya, sai 'yar taga a bangon da ke kallon ƙofar, ta nan kana hango ƙafafun masu yawo a bakin ruwa. A tsakiya ga injin da ke jawo ruwa, ga wata ƙatuwar tukunya cike da yashi wadda ke tace shi, a gefenta kuma ga bawul. Bawul ɗin nan shi ne ɗan sandan hanya. Mariƙi ɗaya gare shi, inda ka juya shi nan ruwa zai bi: ko ya ratsa yashi ya koma tafki da tsabtarsa, ko ya bi yashin ta baya ya kwaso dattin ya fice kwata ta bayan katanga. A kan murfin an yi rubutun Turanci, maganin ruwa ya cinye rabinsa, sauran rabin kuma Uwar Biyu ta ce bai dame ta ba.

Sai suka yi nasu yaren. Shi kullum a bakin ƙofa yake tsayawa, rabin jikinsa a waje, yana gadin kada wani ya faɗo musu. Daga nan yake ba da oda.

"Kashe inji. Danna har ƙasa. Ya kalli taga."

Wato a wanke yashi, datti ya tafi kwata.

"Kashe. Ya kalli tsintsiya."

Wato ɗauraya, don akwai wata tsohuwar tsintsiya da ke jingine a lungun.

"Kashe. Ya kallo ni."

Wato a koma tace ruwa, aiki ya ƙare. Dokokinsa uku ne kuma kullum sai ya maimaita kamar yau ta fara: ba a juyawa inji na kunne, ba a ja sai an danna har ƙasa, ba a komawa baya, gefe ɗaya ake zagayawa.

"Na ji, Malam. Jiya ma na ji."

"Ji daban, yi daban."

"To zo ka yi mana."

Sai ya leƙa waje.

A haka suka ci watanni. Maigadi har tsokanarta yake, "Uwar Biyu, wannan abinci da ake rufe ƙofa a ci, Allah ya sa mu a danshinku." Ta ce masa ya je ya yi aure ya daina ƙirga lomar mutane.

Sai ruwa ya fara raguwa. Da safe a cika tafki har layin shuɗin tayil, kafin yamma ya sauka, kamar wani na zuwa da bokiti yana ɗiba. Manaja ya lura, don shi ke sa hannu duk lokacin da tankar ruwa ta shigo. Yaro ne sabon zuwa, ɗan gayu, ƙamshinsa ke riga shi isowa, waya kullum a kunne, amma ba wawa ba ne. Ya tare Injiniya a bakin ruwa.

"Baba Injiniya, tafkin nan shan ruwa yake ko sayar da shi kuke?"

"Rana ce, ranka ya daɗe. Zafin bana ai ka gani."

"Ranar a kanmu kaɗai take? Ka nemo inda yake bi. In abin ya fi ƙarfinka ka faɗa min, akwai kamfanin da ke ta min naci, su za su riƙa kula da shi gaba ɗaya."

Uwar Biyu na bayan matakala da kula a hannu, ta ji komai. Kamfani in ya shigo, Injiniya ya fita. In ya fita, katifa a bakin get.

Suka shiga nema. Ya sa ta cika bokiti ta ajiye a matakalar cikin ruwa, ta yi alama ciki da waje. In rana ce, tare za su sauka. Washegari na bokiti na nan kusan yadda yake, na tafki ya yi ƙasa. Ba rana ba ce ke nan. Ya ce to tsagewa ce. Ya karɓi shuɗin wankinta, ya bi gefe yana ɗigawa a duk inda tayil ya yi baki, yana jiran ya ga an zuƙe launin. Shuɗi ya tsaya yana lilo abinsa, ba inda ya tafi. Suka kashe inji suka bar shi ya wuni, ruwa ko motsi. Aka kunna, ya ci gaba da sauka.

"To a wajen inji yake," in ji Injiniya. Amma ƙasan ɗakin a bushe ƙayau, ko ɗigo babu.

Ita ta gano, kuma ba da wata dabara ba. Sabulu ta fita saye ta ƙofar baya, ta bi jikin katanga, sai ga wani mai wankin babura ya kafa benci daidai inda bututun otal ke zuba a kwata. Da can in ba ana wanke yashi ba bututun nan a bushe yake. Yanzu ga ruwa na tsiyaya garau, ya tara bokiti a ƙasa, babura sun yi layi.

"Kai, tun yaushe abin nan ke zuba?"

"Ai, Mama, ya kwana biyu yana zuba. Allah dai ya ƙara wa otal ɗin nan arziki, ruwansu ba ya yankewa. Har ƙamshin magani yake."

"Amin," ta ce, ta juya ko sabulun ba ta saya ba.

Da ta faɗa wa Injiniya sai ya dafe kai da hagu. "Robar cikin bawul ce. Ta mutu, ruwa na satar hanya." Ya girgiza mariƙin, ya ji yana lakwaf-lakwaf. "Sifirin da ke tokare mariƙin ma ya gaji."

Ya karɓo sabuwar roba da sifirin a sito, suka sa ranar da ake rufe tafki da safe don shara. Ta shigo da kularta kamar kullum, sai dai yau sukundireba da guduma ne a ciki. Aka kashe inji, aka rufe hanyoyin ruwa, aka saki iskar tukunya tana huci. Kafin ta kwance ko noti ɗaya sai da ta ciro jan farce ta ja layi daga murfi zuwa jikin bawul ta ɓangaren ƙofa, don ya koma yadda ya fito. Wannan dabararta ce, Injiniya ya ce shi ma abin da zai ce ke nan.

Ta ɗaga murfin. A ƙasa ga robar kwance cikin kwarinta, kamar ƙafar keke mai ƙarafa biyar. Ɗaya daga ciki ta yage ta tashi tsaye, yashi ya cika ƙarƙashinta. Uwar Biyu ta shafa wajen da ɗan yatsa. Ita da roba ba baƙin juna ba ne.

"Wannan ba tsufa ba ne. Jan ta aka yi ba a danna ba."

"Tsufa ne."

"Malam, tsufa ba ya yaga abu gefe ɗaya. Lokacin da kake kokawa da hagu kana ɓoye min, ai ga shi nan ta rubuta."

"Za ki yi aiki ko za ki yi shari'a?"

Ta yi aikin. Ta ɓanɓare tsohuwar, ta kankare busasshen gam da bakin sukundireba a hankali kada ta ji wa kwarin ciwo, ta goge da tsumma har ya bushe. Gam ɗin kaɗan ta ɗiga, ba ta yi masa ambaliya ba, ta kwantar da sabuwar robar ta bi ta da babban yatsa lungu-lungu. Ko Injiniya bai sami abin kushewa ba, sai ya ce ta yi sauri.

Saura sifirin. Shi yana cikin murfin ne, tsakanin mariƙi a sama da wani faranti mai baki ɗaya a ƙasa. Farantin nan shi ke zama kan robar, ta bakinsa ruwa ke wucewa, mariƙi kuma shi ke juya shi. Ƙusa ɗaya ta haɗa su. Ta ajiye murfin a ƙasa jan farcen na kallon ƙofa, ta buge ƙusar, komai ya rabu. Tsohon sifirin ya fito duk tsatsa. Sabon kuwa ƙarfi gare shi kamar na babbar mota, sai da ta hau murfin da gwiwa ta sakar masa nauyinta duka kafin ya lanƙwashe.

Daidai nan muryar Manaja ta taso daga bakin tafki, yana faɗa da wani a waya. Daga ƙofa ba a hango wajen. Injiniya ya tsallake ta ya koma jikin taga, ya ɗaga wuya yana bin takalman Manaja da ido.

Ita kanta na ƙasa, gumi na shiga mata ido, gwiwa na zafi.

"Bakin farantin nan ina zai kalla?"

"Ya kallo ni."

Ta ga ƙafafunsa a gindin taga, ta juya bakin farantin can. Mariƙi kuwa ko a mafarki ta san ƙofa yake kalla, ta ɗora shi haka, ta buga ƙusa. Shi a ransa yana bakin ƙofa, don tun da suka fara aikin nan bai taɓa tsayawa wani waje ba. Ita kuma abin da aka ce mata ta yi. Murfi ya koma, layin jan farce ya haɗu cif, ta ɗaure notina ɗaya nan ɗaya can don ya zauna daidai. Daga waje ba abin da za ka gani ka ce ba daidai ba.

"Sai gam ya kama," in ji shi. "Tafi gida, bayan azahar zan kunna."

Ta tafi ta hau wanki. Bayan azahar Manaja da kansa ya sauko ɗakin inji yana toshe hanci. Injiniya ya buɗe hanyoyin ruwa da hagu, ya danna makunni, inji ya ɗauka, allurar agogon auna ƙarfin ruwa ta tashi. Akwai 'yar kwalba a jikin bututun kwata da ake ganin ruwa in yana fita, amma ta daɗe da yin rawaya, ba ka ganin komai. Niyyarsa ya zagaya bayan katanga ya duba da idonsa. Manaja bai bar shi ba.

"Madalla, Baba. Zo mu hau sama, wani baƙo ya ishe ni, wai ruwan zafinsa ba ya zuwa."

Injiniya ya kulle ɗakin, ya jefa makulli a aljihu, suka hau can bene na ƙarshe.

Uwar Biyu na shanya maigadi ya faɗo da gudu, hularsa a hannu.

"Ina Injiniya? Titin baya ya zama kogi!"

Ta leƙa ta ƙofar baya. Bututun da ke tsiyaya ɗazu yanzu aman ruwa yake da cikakken bakinsa. Kwata ta cika ta tumbatsa, bencin mai wankin babura ya kama hanya, shi kuma yana bin sa yana zagin otal ɗin da ya gama yi wa addu'a. Wani tela na kwashe yaduka daga ƙasan shagonsa. Ta juyo ta nufi tafki da kumfar sabulu a hannu. Ruwa ya sauka ƙasa da shuɗin tayil, ramukan gefe da inji ke jan ruwa ta cikinsu sun fara zuƙar iska suna ƙara kamar tsoho na shan shayi mai zafi. Ɗakin inji a kulle, inji na ihu a ciki.

Kafin a nemo su su sauko, rabin ma'aikatan otal sun taru. Injiniya ya buɗe da hagu, ya kashe inji. Wajen ya yi tsit. Manaja ya shiga ya tsaya a bayansa, wayar ma ya cire ta daga kunne.

"Wannan shi ne gyaran?"

Injiniya ya tsura wa bawul ido. Mariƙi na kallon ƙofa, daidai inda ya kamata. Ya duba notina, ya duba layin jan farce. Bai ga komai ba.

Uwar Biyu na bakin ƙofa, a wajen da shi ya saba tsayawa. Daga nan tana kallon tagar sosai. Ta dubi taga, ta dubi bawul, sai bakinta ya riga hankalinta.

"Malam, da ka ce ya kallo ka, a ina kake tsaye?"

"Ke, tafi gida."

"A taga kake! Ni kuwa na juya farantin taga. Ciki na kallon taga, waje na kallon ƙofa. Tun ɗazu wanke yashi yake yi!"

"Wa ya ce ki bi ƙafata? Kullum in na ce ya kallo ni ai ƙofa nake nufi!"

"To ni boka ce? Ka ce kai, na ga kai!"

Manaja ya dubi wannan ya dubi wancan. "Tsaya. Mama, ke kika haɗa shi?"

Nan ta ji abin da ta yi. Ta kama bakinta, amma magana ta riga ta fita.

Injiniya ya yi saurin tarewa. "Riƙe min kawai ta yi, ranka ya daɗe. Abu ne mai sauƙi. A juya mariƙin ya kalli taga, shi ke nan zai koma tacewa, anjima in gyara ƙusar."

"To juya."

Ya ɗora hagu ya danna. Da tsohon sifirin ne da ya ja shi ko da ƙarfin tsiya, amma sabon ko gezau. Ya ƙara dannawa, jijiyar wuya ta tashi. Ya sa gwiwar hannu, ya kwanta da ƙirji, mariƙi ya ɗan nutsa ya dawo. Masu shara sun cika bakin ƙofa suna leƙe ta kan kafaɗar Uwar Biyu.

"Baba, sa hannu biyu mana."

Injiniya ya miƙe. Ya ɗan tsaya yana kallon bango, sannan ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora kan mariƙin. Yatsun a lanƙwashe, sun rame, sun yi fari don rashin ganin rana. Suka zame suka faɗo gefe. Wata mai shara ta ce, "Wayyo," wata ta zungure ta.

Uwar Biyu ta shiga, ta goge kumfa a zani, ta ture shi da kafaɗa ba da ƙarfi ba. Ta danna mariƙin har ƙasa, ta zagaya da shi gefen da aka saba, ya faɗa gurbinsa yana kallon taga. Ta buɗe murfin inji ta ga ya bushe, ta ce wa maigadi, "Kai, daina kallo, kawo bokiti." Ta cika shi da ruwa ta rufe. "Kada a kunna sai tanka ta zo ruwa ya rufe ramukan can, in ba haka ba injin zai ƙone."

Manaja ya kira tanka, ya aika a ba tela haƙuri, sannan ya ce Injiniya ya same shi a ofis.

Ba a gayyace ta ba, amma ta bi shi. Ofishin sanyi kamar firij, suka tsaya a kan kafet da jiƙaƙƙun takalma.

"Tun yaushe?"

"Tun taifot ɗin nan," in ji Injiniya.

"Ba taifot ba ne," in ji ta. "Ai ya gani, Malam, me ya rage?"

Manaja ya juya biro a hannu. "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Wuta da ruwa a ɗaki ɗaya, ba zan bar mai hannu ɗaya a kai ba. Gobe wani abu ya same ka, ni za a kama. Kuma ka yi min ƙarya." Ya juyo kanta. "Ke duk watannin nan ke ce ke yi?"

"Ni ce."

"Kin iya duka?"

"Abin da na iya na iya. Wanda ban iya ba yana bakinsa, kuma bakin lafiyarsa ƙalau, ni ce shaida."

"Yau kun kusa ƙona min inji."

"Da ba ɓuya muke ba da a gabansa zan haɗa yana kallo. Mutum na aiki yana gadin ƙofa, me kake so ya faru?"

Injiniya ya taka mata ƙafa. Manaja ya yi kamar bai gani ba. Ya daɗe yana kallon waya, ko lissafin kamfani yake ko me, oho. Can ya ce tafki da ɗakin inji za a mayar da su sunanta, gwaji ne, in ruwa ya sake sauka ko ya yi kore kamfani zai kira ba sai ya yi shawara da kowa ba. Famfunan sama kuwa zai nemo wani. Shi Injiniya ya je ya huta.

"Ɗakin fa?" ta tambaya.

"Ɗaki na mai aiki ne. Ke ce mai aiki."

Da suka fito Injiniya ya wuce gaba bai jira ta ba. Kwana da kwanaki bai yi mata magana ba sai ta dole, abinci ma sai ta fita yake ci. Ita ko ta kansa ba ta bi ba. Washegari ta sake buge ƙusar, ƙofa a wangale, ta juya farantin ya dace da mariƙi, ta zagaya bayan katanga ta tsaya har ta tabbatar bututu ya bushe. Mai wankin babura ya tattara ya koma wani layi, ko sallama. Aka ba ta rigar aiki, ta ƙi shiga ta ƙirji, ta kai wa telan nan ya buɗa mata.

A hankali Injiniya ya fara fitowa. Ya samo wata kujerar roba mai karyayyen hannu ya kafa a inuwar matakala, kusa da ɗakin inji amma ba ya shiga. Daga nan yake jin ƙarar inji ya ce, "Kwandon tace datti ya cika da ganye," ta je ta duba ta ga ya cika, ta ce ita ma ta ji. Hannun yanzu a kan cinya yake ajiye shi, ya daina wahalar da aljihu.

Rannan tana jan tiyo ta ji shi yana yi wa maigadi bayani.

"Ai ƙarin girma aka yi min. Yanzu dubawa kawai nake, na sa wata a ƙarƙashina."

"Allah ya sanya alheri, Injiniya. Ya take da aiki?"

"To, ba laifi. Baki ne dai ya yi mata yawa."

Uwar Biyu ta iso da tiyon a kafaɗa.

"Oga, ɗaga ƙafarka in wuce."

Ya ɗaga.